Telen da Na Zaɓa a Tumunina

Ranar da aka zauna rabon gadon maigidana, da aka zo kan tumunina, sai na ce a bar mini tele, wato talabijin, a ciki. Ina bayan labule, don ina cikin takaba. Malamin da ke rabon ya zaci bai ji daidai ba, ya sa aka sake tambayata ko wata tunkiya mai ciki da ke cikin gadon nake so. Na ce tele. Na ji ƙannen marigayi suna ƴar dariya, ɗaya ya ce ashe tsohuwa kallon ƙwallo za ta koma. Aka bar mini ita, tunkiya ta tafi wani gida.

Babu wanda ya san dalilina, ni kuma a lokacin bakina ba ya iya faɗa. Yanzu zan faɗa. Autata ce ke rubutawa, malama ce a lakol, makarantar boko, nan Gure, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, har inda ba ta ji daɗi ba.

Maigidana shofer ne, wato direba, a ma'aikatar kiwo. Ya sha hanyar Kelle da Bune da Gidigir cikin rairayi har gwiwoyinsa suka gaza. Da ya ajiye aiki, ɗanmu na fari ya aiko masa da tele daga Damagaram, irin ta yanzu, mai faɗi, siririya kamar faifai. Ba tashoshi kaɗai take kamawa ba, tana da ƙwaƙwalwa irin ta salula, ana ajiye abu a cikinta. Ni da farko ban damu da ita ba. Ina share mata ƙura, in lulluɓe ta da zane, shi ke nan.

Akwai wani bidiyo da aka ɗauka da salularsa ranar sunan jikarmu a Kelle. Ba shi da tsawo, kafin ruwan shayi ya tafasa ya ƙare. Yana riƙe da igiyar ragon suna, ragon ya fizge shi, hularsa ta faɗi, yana ta dariya har yana tari. Sai ya juyo wajen da mata suke, ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, zo ki riƙe mini, ke kika iya da masu taurin kai." Mata suka sa dariya. Daga nan ya sassauta murya ya ƙara wata magana da Barbarci, harshen uwarsa, wadda ni kaɗai yake faɗa wa tun muna da ƙuruciya. Ba zan maimaita ta a nan ba. A taron ma ba kowa ya ji ba, amma salular ta ɗauka.

Da idonsa ya yi rauni, ya daina ganin abin da ke cikin salula, sai ya sa mai gyaran rediyo da tele na bakin kasuwa ya zuba masa bidiyon a cikin telen. Da yake ni ban yi karatu ba, sai ya ɗebo ragowar fentin ƙofa da tsinke, ya ɗiga shuɗi a kan abin latsawar nan da ake ce wa komandi, a wuraren da zan taɓa. Ya koya mini kamar yadda ake koya wa yaro hanyar rijiya. In taɓa na sama, in sauko, in yi dama har in ga hoton wata ƴar jaka rawaya, in danna tsakiya. Na ce me zan yi da wannan, ga ka zaune gabana. Ya ce in koya dai, shi ba ya son a riƙa tashinsa daga barcin rana. Bai cika shekara ba bayan haka.

Salular kuwa a rabon gado ta faɗa hannun ɗanmu na fari. Ni da shi ba ma doguwar magana, ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba. Ta yaya zan dube shi in ce ya adana mini hoton ubansa yana yi mini wasa a gaban mutane? Na yi ta juya maganar a zuciya. Kafin in samu hanyar aika masa ta bakin wata, ya riga ya sa an goge salular ya ba matarsa. Bai yi da mugunta ba, bai san da komai a ciki ba. To, ya rage sai telen.

Duk tsawon takaba tana lulluɓe. Da na fita, wata safiya bayan autata ta tafi lakol, na yaye zanen, na bi ɗigon shuɗi. Ya fito. Na zauna a tabarma na kalla, na sake kalla. Daga ranar ya zama mini kamar kokon safe. In na gama shara, in rufe ƙofar ɗaki, in rage murya don maƙwabta, in gan shi ya yi dariyarsa, in mayar da zane in shiga aikin gida. Ban gaya wa kowa ba. Mace mai jikoki a ce tana kulle ƙofa tana kallon miji, ai abin a yi ta yi da ni ne a gidan suna da gidan biki.

Autata ta dawo gidan da zama ne bayan rasuwar, don kada in zauna ni kaɗai. Ta ga ina yawan shiru, sai tausayi ya kama ta. Wata ranar hutu ta ce za ta haɗa telen da rezo na salularta, wato intanet, in riƙa ganin wa'azi da wasannin Hausa, in rage tunani. Na ce ta bari. Ta ce ba komai ba ne, Inna. Da ta haɗa, telen ta fito da wani rubutu da Faransanci, ta karanta ta ce wai tana neman ta sabunta kanta. Ta danna. Wani layi ya yi ta tafiya a hankali, telen ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, ta tashi da wata fuska dabam.

Washegari na bi ɗigona kamar kullum. Na taɓa na sama, na sauko, na yi dama. Sai ga wasu ƴan mata suna rawa da kiɗa mai ƙarfi. Na rasa inda zan danna su tafi, na zare wayar daga bango. Na sake kunnawa, na sake bi a hankali, ina tsammanin hannuna ne ya zame. Wannan karon tallar mota ce. Jakar rawaya babu ita. Duk hotunan sun canza wuri, an kawo waɗansu da ban taɓa gani ba, manya-manya, suna motsi tun ba a taɓa su ba. Kamar a ce ka fita kasuwa ka dawo ka tarar an juya maka ɗaki, an sa gadon wani a inda naka yake.

Na yi kwanaki ina nema. In danna nan, ta kai ni can. In danna can, ta tambaye ni wani abu a rubuce, da amsa biyu, ban san wace ce ta ci gaba ba, wace ce ta ɓarna. Sai in ajiye komandin in zuba mata ido, tana jira, ina jira. Akwai wani wuri a komandin da marigayi yake dannawa ya yi mata magana da Faransanci ta kawo abin da ya ce. Na gwada da Hausa, a hankali, kamar mai roƙo. Ta kawo mini wani mutum yana dafa kifi.

Sannan ta fara nauyi. Ka danna yanzu, sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta motsa. Wani rubutu ya riƙa fitowa a kusurwa, autata ta ce wai cikinta ya cika, sai an rage kaya. Ta ɗauki komandi za ta rage, na karɓe. Ta dube ni, na ce a bari dai. Bayan ƴan kwanaki abin ya wuce nan. Sai telen ta nuna tambarinta, ta yi duhu, ta sake nuna tambarin, ta sake duhu, haka har a gaji a kashe.

Babu shawarar da ba mu ji ba. Maƙwabciyata ta ce zafi ne, muka kunna mata fanka, mu muna zufa. Wani ya ce batirin komandi ne, aka saya sabo. Wani ya ce a zare ta daga wuta ta kwana, ta kwana. Wata ta ce wutar garin nan ce da ake ɗaukewa ana kawowa ta rikita ta. Ƙanen marigayi da ya leƙo gaisuwa ya dubi tambarin yana zuwa yana tafiya, ya ce tunkiyar nan ta haifi tagwaye, ya ga dai in sani. Na ce Allah ya raya.

Daga ƙarshe muka naɗe telen da bargo, aka ɗora a amalanken jaki, na zauna kusa na riƙe ta kada rairayi ya girgiza ta, autata na biye da mu a ƙasa. Mai gyaran dattijo ne, gemunsa ya fara fari, rumfarsa cike da matattun rediyo. Ya yi mini ta'aziyya tukuna, ya ce marigayi mutuminsa ne. Ya kunna, ya kalli tambarin ya zo ya tafi. Ya ce jikinta lafiya lau, gilashi lafiya, babu abin da ya ƙone. Sabon tsarin da ta sauke ne ya fi ƙarfinta, ga wuri ya cika, shi ya sa take tashi tana faɗuwa. Magani ɗaya ne, a goge komai, ta koma kamar ranar da aka fiddo ta daga kwali. Ya ce aikin ba ya ɗaukar lokaci, kafin la'asar mun koma gida.

Na tambaye shi, in an goge, abin da aka ajiye a ciki fa? Ya ce duk zai tafi. Na ce a naɗe ta mu koma.

Da muka isa gida, bayan mai amalanke ya tafi, sai autata ta ce ita ta gaji. Ta ce ta bar aiki ta bi ni cikin rana, an samu magani, na ƙi, kuma na ƙi faɗin dalili. Ta ce in dai don ita ce ta danna abin nan nake hukunta ta, to in faɗa mata kai tsaye. Ba haka ba ne, amma ban iya buɗe baki ba. Muka yi kwanaki muna gaisuwa kawai. Telen tana jingine da bango cikin bargonta, ni kuma kullum da safe in gama shara in rasa inda zan zauna.

Abin da ya sa na yi magana, wata safiya na nemi yadda dariyarsa take a kunnena, sai na ji ta yi nisa. Fuskarsa tana nan, amma muryar ta fara shuɗewa. Tsoro ya kama ni. Autata tana ɗaura kallabi za ta fita, na ce ta tsaya.

"Babanku yana ciki," na ce.

Ta ce, "Cikin me, Inna?"

"Cikin telen. Ranar sunan Kelle. Yana magana da ni."

Ta zauna a bakin gado da kallabin a hannu. Sannan ta ce, "Shi ne kike rufe ƙofa." Ashe ta lura, ta zaci barci nake komawa. Ta ce da na faɗa mata tun farko, da ta kwashe shi a salularta tun telen tana da lafiya, abu ne na ɗan lokaci. Na ce na sani yanzu. Ranar ba ta je lakol ba.

Muka sake ɗaukar amalanke. Da autata ta yi wa mai gyara bayani, ya dafe kai, ya ce ai shi da hannunsa ya zuba, ya tuna ragon, ya manta ne sam. Ya ce bai yi alkawari ba, amma zai gwada. Ya zare wayar, ya danne wani ɗan wuri a ƙasan telen, ya mayar da wayar yana danne da shi. Tambari ya zo ya tafi. Ya sake. Ya sake. Mutane suna zuwa karɓar rediyonsu yana cewa su dawo gobe. Ni ina kan benci, ƙafafuna sun kumbura, ƙudaje sun dame ni. Can wajen azahar sai ta tashi, da wata fuska fayau, babu masu rawa, babu talla. Ya yi ta shiga nan yana fita can, sai ga jakar rawaya, an tura ta can ƙarƙashin wasu abubuwa.

Ya soka wani ɗan ƙarfe da suke ce wa kile a bayanta, don ya kwashe bidiyon a ciki. Layi ya fara tafiya, bai kai rabi ba ta mutu. Ya sha wahala ya sake tayar da ita, ya canza kile, ta sake mutuwa, wannan karon tun layin bai yi nisa ba. Ya share zufa ya ce kowane tashi tana rage daɗewa. Kwashewa ta fi ƙarfinta. Amma in ta sake tashi, wataƙila ta iya nuna shi sau ɗaya, tunda gajere ne. Bayan wannan bai san ko za ta ƙara ba.

"Inna, ki matso kusa," ya ce. "In ta tashi ba zan jira ba."

Autata ta ciro salularta ta ce za ta ɗauka daga gilashin. Ta tsaya bayana ta saita. Mai gyara ya kashe rediyon da ke magana a rumfar, ya roƙi mai faci na kusa da shi ya dakata da bugu.

Telen ta tashi. Ya danna. Sai ga maigidana da igiyar rago.

Ranar da ya rasu ban yi kuka da murya ba. Mata sun kewaye ni, kowa na cewa haƙuri, haƙuri, kuka ba ya yi wa mamaci amfani. Na haɗiye. Duk safiyoyin da nake kallonsa a ɗaki ma hawaye ne kawai, don katangarmu gajera ce. Amma ranar, a bakin kasuwa, gaban mai gyara da mai faci da masu wucewa, da hularsa ta faɗi ya juyo ya ce uwargida, sai wani abu ya ɓalle mini a ƙirji. Na ji wata murya tana kuka kamar ba tawa ba. Autata tana cewa, "Inna, yi shiru kaɗan, Inna, don Allah," salular tana karkacewa a hannunta, ita ma muryarta ta karye. Ban iya ba. Bidiyon ya kai ƙarshe, ya tsaya a kan ƙafar wani da igiya a ƙasa. Mai gyara ya kai hannu zai maimaita, gilashin ya yi duhu.

Ya gwada har la'asar ta wuce. Ba ta ƙara tashi ba, sai tambari. Ya dube ni, na ce ya goge.

Yanzu telen lafiyarta lau. Ba ta nauyi, ba ta mutuwa. Mai gyara ya ce kada a ƙara barinta ta sabunta kanta, ya rufe wannan hanyar, ya kuma zuba abin da autata ta ɗauka a ciki, ya ajiye wani a kile, wani yana salularta, ta aika wa yayanta ma. Yanzu kam yana wurare da yawa. Autata ta kankare tsohon fentin komandi da ya daina kai ni ko'ina, ta ɗiga sabo ja. Ɗigo ɗaya na shuɗin na hana ta taɓawa, na sama.

Sai dai abin da muka samu ba shi ne wancan ba. In na kunna, tele nake gani a cikin tele, a karkace, tana rawa. Hasken ƙofar rumfa ya kwanta a kan rabin fuskarsa. Ana ganin inuwar farin mayafina a kan ƙirjinsa, da wani jaki da ya wuce a bayanmu. Dariyarsa tana nan, Alhamdu lillahi, da tarin, da uwargida zo ki riƙe mini. Daga nan sai kukana ya rufe komai. Maganar nan ta Barbarci, wadda saboda ita na bar tunkiya, ba a jin ko harafi ɗaya. Bakinsa kawai ke motsi, ni kuma ina ta kururuwa a kansa.

Autata ta kai wa wani mai haɗa bidiyon biki ko zai iya cire muryata. Ya saurara ya ce sun cakuɗe, in ya cire tawa tasa ma za ta tafi. Ta ce za ta tambaya a Damagaram. Na ce ta bari haka nan, na gaji da amalanke, na gaji da benci.

Na daina rufe ƙofa. Duk unguwa an ji abin da ya faru a bakin kasuwa, babu sauran abin ɓoyewa. Maƙwabciyata takan shigo ta zauna mu kalla tare, ta yi dariyar ragon, ta share ido, ta koma gidanta. Ɗana na fari da ya zo hutu ya tsaya daga bakin ƙofa ya kalla har ƙarshe, sannan ya juya ya fita.

Na koyi wurin da ake kashe murya. Da zarar ya ce masu taurin kai, mata suka sa dariya, sai in danna, ɗakin ya yi tsit. In matsa kusa da gilashin in dubi bakinsa, in faɗi maganar da kaina daidai lokacin da yake faɗa. Wasu ranaku muna gamawa tare. Wasu ranaku nakan riga shi, sai in tsaya in jira bakinsa ya rufe.